Farar Shadda a Kan Dutsen Virginia

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka hau dutse a Virginia ta ƙasar Amurka ba, ko da yake hawan ba shi ne abin labari ba. Saukowar ce.

Da yamma, in na tashi daga tuƙi, ajin manya nake zuwa a garin Landover, muna koyon karatu da rubutu. Duk ajin ni kaɗai ne mai furfura, shi ya sa ake ce mini Baba Ado, har kujera ake tashi a ba ni. Da malamarmu ta shirya mana hawan dutse, sai na ce ai wasan yara ne, a kan duwatsun garinmu na yi kiwon awaki (ban faɗa musu tun ina ɗan yaro rabona da su ba). Kowa ya zo da wandon motsa jiki, ni kuwa na sha farar shaddata mai sitaci, tunda za a ɗauki hoto a can sama.

Mai yi mana jagora wata Baturiya ce 'yar firit, ta ma girme ni. Da muke saukowa muka iso wani falalen dutse mai santsi, sai ta ce kowa ya zauna ya ja gindi a hankali. Duk suka bi ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni a sama na riƙe reshen wata bishiya.

Isufu, wani ɗan Maraɗi da muke zama benci ɗaya, ya ɗaga murya daga ƙasa: "Baba, a zauna mana! Dutse bai san dattijo ba."

Na ce, "Kai Isufu, ni da jikokina zan ja gindi a gaban yara?"

Baturiyar ta hawo da haƙuri, ta miƙo mini hannu. To ni tunda nake ba na ba mace hannu. In an miƙo, sai in dafa ƙirji in ɗan rusuna, kowa ya rabu da mutunci. Haka na yi, har da murmushi.

Ashe hannun da na dafa ƙirjin da shi, shi ne yake riƙe da reshen.

Salati kawai na iya, sai ga ni ina gangarowa. Riga ta nannaɗe har hammata, hula ta kama gabanta, sai na ji "ɓarrr" ta baya. Na tsaya daidai ƙafafun 'yan ajin.

Isufu ya ce, "Sannu Baba. Wallahi ka fi kowa sauri."

Na yunƙura zan tashi, Hadiza, autar ajin, ta rufe ido ta ce, "Baba, don Allah kada ka juya."

Da rigar sanyin Baturiyar, ja jawur, ɗaure a ƙuguna na ƙarasa har mota (ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata).

Har yau ina dafa ƙirji in mace ta miƙo hannu. Sai dai yanzu nakan fara dubawa in ga me hannun yake riƙe da shi.