Layi na Ɗari da Ɗaya

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar rabon shinkafa a harabar masallacinmu na unguwar New Bell. Lokacin rikicin yankin Arewa maso Yamma na ƙasarmu ne, 'yan'uwa na ta sauka daga garin Bamenda da ƙullin kaya a ka, kowane gida ya cika har zaure. 'Yan kasuwa suka haɗa buhuna, kwamitin masallaci ya ce a raba bisa yawan bakin da ke kowane gida.

Sai ga ni, uban iyayi. 'Yan watanni na yi ina koyon rubuta manhaja a unguwar Ndokoti, kaina ya kumbura. Na miƙe a taro na ce wa shugaban kwamiti, Alhaji Buba, "Baba, a ajiye littafin rabon nan, zamaninsa ya wuce, zan yi mana lissafin a waya." (Littafin da bai taɓa cin amanar kowa ba, ka ji fa.)

Abu ɗaya ya tsaya mini: teburin lissafin nan mai layi-layi, wanda za ka zuba sunaye da adadi ya raba da kansa. Ina son injinsa ne in dasa cikin manhajata, ta yi aiki a waya ko babu intanet. Na nemi wanda aka bari a buɗe, kowa ya leƙa cikinsa ya gyara, har idona ya yi ja ban samu na kirki ba. Sai na wani kamfanin waje, a kulle ruf, kuɗin lasisinsa zai sayi babur. Na ga "gwaji kyauta", na sauke, na danna "na yarda" ban karanta komai ba. Na gwada da gida goma, ya yi daidai. Shi ke nan, na zama injiniya.

To, kwamitinmu yana da tsarin rubuta suna. Dattawa da sanannun gidaje a sama, zawarawa da sabbin zuwa can ƙasa. Haka na shigar da su, gida ɗari da goma sha bakwai.

Bayan Azahar aka fara. Alhaji ya kira suna, in karanta kilo daga waya, a auna. Mutane har suna cewa rabon bana ya yi auki. Da muka yi nisa Alhaji ya dubi buhunan da suka rage ya ce, "Anya kuwa?" Na ce, "C'est la technologie, aikin fasaha ne, Baba, kwantar da hankalinka."

Gida na ɗari ya karɓa, aka kakkaɓe buhun ƙarshe.

"Inna Hapsatu, baki takwas."

Tsohuwa ce da ta zo da jikoki bakwai, ɗanta ya ɓace a hanya. Na duba waya. Sifili. Maimakon in yi shiru, wallahi sai bakin nan nawa ya buɗe a gaban jama'a: "Inna, na'ura ba ta kuskure. Ko dai kin riga kin karɓa?"

Na duba na bayanta, sifili. Na bayansa, sifili. Can ƙasa na ga ɗan rubutu kamar ƙafar tururuwa: gwajin kyauta layi ɗari kaɗai yake lissafawa. Ya raba shinkafar duka ga gida ɗari, ya shafe sauran bai ko yi tari ba. Na yi ta latse-latse, gumi har cikin takalmi, alhali na san ba ni da ikon taɓa komai a cikinsa.

Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya buɗe littafinsa, ya miƙo mini roba. Gida-gida na bi ina roƙon a mayar da kofi bibbiyu. Wasu sun ba da, wasu sun ce ta riga ta hau wuta, wani ya ce in je in tambayi technologie.

Abin da na kai wa Inna bai kai rabin haƙƙinta ba. Na durƙusa ina neman gafara. Ta ce, "Tashi, ɗana. Yunwa na saba da ita. Ɓarauniya ce ba a taɓa kira na ba sai yau."

Har gobe ina jin haushin cewa babu inji a buɗe da talaka irina zai dasa ya san abin da ke cikinsa, kuma duk wanda ya fara gina shi zan taya shi kyauta. Amma kada in ɗora wa kamfani duka. Shi sifili kawai ya rubuta. Sauran maganar ni na ƙara da bakina.