Mamacin da Ke Karanta Ta'aziyyarsa

Wani ne a wani ƙauye kusa da birnin Plovdiv, 'yarsa Tsveta ta tafi aiki Sifaniya, ta haihu a can. Sai ya sa aka jawo masa intanet. Ya ce wa matarsa Stoyanka, "Don ganin jikana ne kawai. Ina ruwana da shirmen yara?"

Da farko haka ne. Ran Lahadi ya sa kwat, ya taje gashin baki, ya zauna gaban kwamfuta yana yi wa jariri gwalo. Kwatsam ya gano zauren 'yan ƙauyensu na intanet, inda ake musu kan yadda ake tsuma kabeji. Shi ke nan, an rasa shi. Tsveta ta kira, ya katse. "Ta jira! Wani jaki ya ce a zuba sukari!"

Shagon gahawa ma ya daina leƙawa. Abokin hirarsa Dobri ya gaji da zama shi kaɗai. Ya buga sanarwar mutuwa da hoton mutumin, ya manna a bishiyar dandali cikin na sauran mamata, ko ya fito ya yi faɗa. Wani ya ɗauki hotonta ya sa a zaure.

Gogan naka ya gani. "Stoyanka! Na mutu!"

"Allah ya ji ƙanka. Miyarka na hucewa."

Ya ɗauki hula zai je ya ci mutuncin Dobri, sai ya ga ta'aziyya na zubowa. Mutumin kirki. Gwanin kabeji. Har jakin nan mai sukari ya rubuta an yi babban rashi. Ya ajiye hula, ya zauna, ido ya kawo ruwa.

"Kada ki gaya wa kowa tukuna. Tunda nake ba a taɓa so na haka ba."

Maƙwabta suka zo da furanni da dafaffiyar alkamar sadaka. Ya kulle kansa a ɗaki, yana cin alkamar yana karatu. Tsveta ta yi ta kira, ya ce mamaci ba ya ɗauka. Stoyanka ma ta ƙi gaya mata gaskiya ko ta zo gida, don tana kewar 'yarta.

Sai ga Tsveta cikin baƙaƙen kaya, idanu sun kumbura, tana riƙe da hannun yaro.

"Baba! Kana raye?"

"Rage murya, 'yar nan, ana yabona."

Ta ɗora masa yaron a cinya. Ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan ɗan wa ne? Nawa jariri ne."

Tsveta ta juya a fusace. "Mama, bari in je in yage takardar nan!"

Stoyanka ta ce, "Bar ta. Kwanan watan kawai za a gyara. Tun ranar da aka jawo masa wayar nan ya rasu."