Tsultim Ya Ceci Baƙuwa Daga Sanyi

"Ni da taurarin nan sanin juna muka yi tun ina goye," in ji Tsultim, yana gyara hular aiki a shagon shayi. "Dakta karatu kawai gare ta. Ni kuwa ko tari na'ura ta yi, na san abin da ke damunta."

Aboki, kar ka ruɗu, Tsultim mai shara ne. Wata uku ke nan yana aikin gwaji a gidan kallon taurari da ke kan dutsen ƙauyenmu a Ladakh, ƙasar duwatsu da tsananin sanyi, kuma ranar nan shugabar gidan, Dakta Sarala 'yar kudu, za ta sa hannu a takardarsa ta zama ma'aikacin dindindin. Tun kafin a haifi ɗa ya raɗa masa suna: ya raba wa ƙannensa awakinsa kaf, wai shi da kiwo har abada.

Dakta za ta sauka gari tarbo baƙi, ta bar masa magana ɗaya, tana kiransa Acho, wato yaya: "Acho Tsultim, ƙasa kawai za ka share. Kar ka taɓa komai."

Gogan naka yana shara sai ya hango sabuwar na'urar da aka ɗaura a gindin babban madubin hangen nesa. Ita wannan ɗumin taurari take gani, shi ya sa dole ta fi ƙanƙara sanyi. Kwana uku Dakta tana ɗura mata wani ruwa mai daskarar da komai. Tsultim bai sani ba, kuma manyan masana ba sa tambaya. Shi dai ya ga ƙanƙara ta kama bakin bututunta.

"Wayyo baƙuwa!" ya ce. "Mutanen kudu ba su da tausayi. Mu nan ko jakin maƙiyi ba ma bari a haka."

Ya sheƙa gida, ya faki idon matarsa Yangdol, ya suro bargon aurensu ya lulluɓe na'ura. Ƙanƙara ta ce ba ta san zance ba. Ya koma ya kinkimo murhun ƙarfe da buhun busasshen kashin shanu, ya hura wuta. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ya bi ya kwanta a kan madubin da ko numfashi ba a yarda a yi kusa da shi ba.

"Sai kuma shayi. Baƙo ba shayi ai abin kunya ne."

Ya buɗe murfin bututu ya tuttula mata shayinmu mai gishiri da man shanu. Fuuu! Farin tururi ya yi sama da hularsa, shayi ya daskare a bakin buta.

"Yauwa, ta fara numfashi!"

Don cika ladabi, ya dangwala mata man shanu a goshi, yadda muke yi wa bakin kofin babban baƙo. Goshin nan kuwa gilashinta ne.

Ana haka sai ga Dakta da baƙinta, rabin ƙauye na biye, don Tsultim da kansa ya gayyace mu ganin sa hannu. Wallahi har yau in na tuna fuskar matar nan tausayi nake ji.

"Me ke ci da wuta?" ta tambaya tana tari.

"Kashin shanu ne, Dakta-le, ranki ya daɗe. Mai kyau, na bara."

"Kwana uku muka yi muna sanyaya ta!"

"Na gani ai," in ji sarkin masana. "Kar ki damu, cikin awa biyu na gyara ɓarnar."

Dakta ta zaro takardar aikinsa daga jaka, ta dube ta, ta dubi murhu, ta buɗe ƙofarsa ta jefa. Takarda ta ci bal-bal.

Sai Yangdol ta ratso mutane ta fizge bargonta. Gefen da ya sha ruwan nan mai daskararwa ya ɓalle ƙaras a hannunta.

"Shekara ashirin da biyu ina karkarwa a gidanka," ta ce, "ko sau ɗaya ba ka taɓa tashi ka hura min wuta ba. Ashe laifina da ban zo duniya a ƙarfe ba! Goya murhuna mu tafi."

"Haba Yangdol, ai da zafi."

"Goya shi haka. Kai ma ba na so ka ji sanyi."