Allurar da Ta Rina Ɓeraye

Wani ne ya shekara uku yana zaman kashe wando, da ƙyar surukinsa ya samo masa aikin kula da fararen ɓeraye a ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da zai fara, matarsa ta ce, "In aka kore ka a nan ma, kada ka biyo ta ƙofar nan."

Yana zuwa ya tarar da wata likita tana yi wa ɓeraye shida allurar barci. Ta ce so take ta ga yadda allurar ke canja musu jini.

"Ka sa musu ido. Zan je taro in dawo in ɗebi jinin."

Taro kuwa ya ƙi ƙarewa. Mutumin naka ya leƙa keji, ya ga ɓeraye sun yi ɗai-ɗai, ƙafafu a sama. Ya tsokane su da tsintsiya, shiru. Ya yi musu fifita, shiru. Sai ya dafe kai.

"Shi ke nan, ranar farko na yi kisa shida."

Ya kwashe su ya watsar a bola. Ya ruga shagon matarsa, ya yi ta kokawa a bayan buhunan sukari da jarkokin mai har ya cafke ɓeraye shida, baƙaƙe ƙirin, kowanne kamar ɗan mage. Ya kawo ya zuba a keji.

Likita ta dawo ta yi turus.

"Malam, ina ɓerayena?"

"Ga su nan. Allurar ce, ranki ya daɗe. Ina kallo suka rine."

Ta harare shi, amma ta ɗebi jinin ta auna. Sukari ya ninka uku, maiƙo kuwa ba a magana. Ta kai wa shugabanta, wani Farfesa, takardar sakamakon.

"Farfesa, ni fa ban yarda ba. Ɗaya ma har da tsohon tabo a kunne."

Farfesa, wanda rabonsa da gano wani abu tun yana da gashi a ka, ya ce, "Ke yarinya ce. Haka babban bincike yake zuwa. Ki rubuta, ki sa sunana a farko."

Washegari ya tara manyan malamai da masu ɗaukar hoto. Ya tsayar da mutumin naka a gefensa a matsayin shaidar gani da ido. Yana cikin bayanin yadda allurarsa ke hautsina jini har ta fito a gashi, sai ga wani farin ɓera ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, da ɓawon ayaba a baki. Ya ratsa tsakanin takalman baƙi, ya je gaban keji ya tsaya yana jira a buɗe masa.

Farfesa ya cire tabarau ya juyo a hankali.

"Kai, wannan kuma daga ina?"

Mutumin ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, shi allurar ta riga ta sake shi."