Kurar da Ta Ƙi Cin Kulu

"…da gajiyar hanya? To madalla. Ashe ba ka mutu ba, mijin banza."

"In mutu in bar ki da takaba, amarya? Wa za ya kwashe ki?"

Haka Kulu ta tarbi jikanta Halidu, mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Madawa, a shekarar tamanin da huɗu da damina ta juya mana baya. Ni ce maƙwabciyarta, zana ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu na bayan Azarori. Gari ya watse, wasu Ƙonni, wasu Sakkwato. An yi roƙon duniya tsohuwar nan ta bi ɗiyanta Madawa, ta ƙi, ga shi ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Ran nan kamiyo, babbar motar kaya, zai tashi zuwa Madawa da la'asar, direba kuma ya rantse ba ya sake shigowa. Wallahi na ji tausayin Halidu, don na san taurin kan matar.

"Mi ka kawo mini? Ko hannu rabbana ka zo, yadda ka saba?"

"Littahi na kawo miki."

"Littahi! Dafa shi ake ko jiƙawa?"

Ya zaro wani kaye daga jaka, ya tsuguna gabanta. Gatanarta ce, tatsuniyar kura da tsohuwa, wadda ta rene su da ita, ya zana wa yaran ajinsa shafi-shafi da kiriyo mai launi.

Ta kai shi dab da hanci. "Wanga kura ce ko jakin Gajere?"

"Kura ce. Ita ma ba ta yi damina ba."

"Wagga aljana mai haƙori guda fa?"

"Ke ce."

"Allah shi shirye ka! Haƙorana biyu!"

"Na biyun rawa yakai, ban sa shi lissahi ba."

"Ka dai ga kunnuwanka, kamar faifai. To, ina wurin da ta cinye ni?"

"Ba ta ci ba. Ga ta nan ta shinshina ki, ta zauna tana kuka. Ta ce, 'Iya, nama na zo ci, ƙirare na iske.' Nan kuma ta duƙa, ta ce ki hau ta kai ki birni ki yi ƙiba, ta dawo baɗi."

"Kai, ka ɓata mini gatana! Kurata ba ta da tausayi. Shekara sittin tana cinye tsohuwar nan, ba ta taɓa kuka ba."

"Shekara sittin ba ta taɓa iske irinki ba. Yara in sun zo nan har birgima sukai."

"Yaushe kake nuna musu?"

"Da hantsi, in mun gama karatu."

Sai na ga dariya ta ɗauke daga fuskarta. Ta ture kayen kamar ya ƙone ta.

"Gatana da rana, Halidu? Ɗiyan mutane? Ba ni na gaya maka ba, mai yin gatana da rana ɓata yakai, shi da masu saurare? Boko ya cinye maka hankali?"

Ya daɗe yana kaɗe ƙasa daga bangon kayen.

"Kaka, da yara arba'in da biyu na buɗe aji. Yau sha ɗaya. Wasu an yi kudu da su. Uku da hannuna na taya ɗaukarsu zuwa kushewa. Ba gatana ta ɓad da su ba. Waɗanda suka rage, in sun yi dariyar haƙorinki, sukan manta da cikinsu har azahar."

Tun yana yaye ban taɓa jin ya ce mata Kaka ba. Na kama zana na riƙe, hawaye na zubo mini.

Ita ta miƙa hannu ta ja kayen. Ta buɗe har shafin ƙarshe, fari fat.

"Nan fa? Kiriyo ya ƙare ma matsiyaci?"

"Yara ke tambaya, tsohuwa ta hau ko ba ta hau ba. Na ce sai na tambayi matata."

"In na hau, wa za ya tsare irin kakanka? Ɓeraye? Ko 'yan uwanka masu dogon hannu?"

Innalillahi! Ashe abin da ya zaunar da ita ke nan. Tiya uku ta irin hatsi a gora ƙarƙashin gado, ita kuwa wata biyu tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, tana ci.

"Kura na da wurin kaya," in ji Halidu.

"Ta cinye mini shi a hanya."

"Da wane haƙori? Ke ta gado."

Kulu ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta. Ta dafa kansa ta miƙe, ta shige ɗaki. Da ta fito tana rungume da goran, ta dangwara masa a cinya.

"Ungo. Ka tauna tsaba guda, in sake ka a gaban direba."

"Saki nawa ke nan bana?"

"Rufe mini baki. Buɗe farin wurin nan, ka riƙe kiriyonka da kyau, ka ƙara mini haƙorina." Ta zauna a tsakiyar rana, ta gyara murya. "Ga ta nan."

Ban san sanda na leƙo ba. "Kulu, rana ce fa!"

"Na gani, Fatsima. Ai ɓatar za ni yi."

Da la'asar aka ɗaga ta aka sa a kamiyo. Ƙofar ɗakinta ni na ja mata.