Rumman da na ƙi ɗanɗanawa

A shekarun nan da albashi kan yi watanni bai leƙo ba, na gayyaci mahaifin yarinyar da ɗana ke nema ya zo buɗa baki gidana a garin Tawa. Na ƙudurta ba zai ga talaucinmu ba.

Ana gobe azumi na tarar da wani Buzu a kasuwa da rumman iri biyu, ja jawur da wani fari-fari mai tabo.

"Alhaji, in fasa maka ɗaya ka ɗanɗana?"

Na yi dariya. Ni da na ci rumman a Tunis da Dimashƙ, na san sunansa da harshe huɗu? Na kwashi jajayen, har na yi masa nasiha da Buzanci ya daina sayar da ɗanye.

Da aka kira salla, baƙona ya watsa 'ya'yan rumman cikin tafi guda a baki. Idonsa ɗaya ya rufe, ɗayan ya kawo hawaye. Ashe jan irin mai tsami ne, farin ne mai zaƙi. Don kunya bawan Allah ya haɗiye, ya ce, "Madalla."

An dai yi auren. Amma har yau ba ya gaishe ni sai ya rufe ido ɗaya, jikokinmu ma sun koya.