Bahon Hansai

Shekara uku ke nan da Hansai ta yi faɗa da jikanta Garzali a kan ruwan zafi. Ita ce ungozomar unguwarsu a Dagumawa, duk mai jego ta ɗanɗani tafasasshen ruwanta da ganyen darbejiya. Da matarsa ta haihu, Garzali, mai aiki a ƙaramin asibiti, ya zo ya sirka mata ruwan wankan da bokiti guda, ya ce haihuwa aka yi, ba kaza za a fige ba. Hansai ta kife tukunyarta a bayan ɗaki, ta ce ita da ruwan zafi sai dai a shayi.

Yanzu ciwon gaɓoɓi ya kama gwiwoyinta. Wata huɗu a kan kujera take salla, goshinta bai taɓa ƙasa ba, ba ta kuma faɗa wa kowa yadda abin yake cin ta ba. Sai ga Garzali bayan Azahar, da ƙaton baho ɗaure a bayan babur.

Ya gaishe ta cikin tsokana: "Sannu da gajiya, da ƙafafun aro. Amarya, ya jikin?"

"Jiki ya gode Allah. Wa ya mutu ka zo da abin wankan gawa?"

"Babu wanda ya mutu tukuna. Lefenki ne na fara kawowa."

"Miji na gari akwati yake kawowa. Kai ka kawo min kwamin shayar da shanun kasuwar Wudil."

"Likita ya ce ki riƙa zama cikin ruwan ɗumi, safe da yamma, minti ashirin. Yana sassauta gaɓoɓi."

Hansai ta dube shi daga hula har takalmi.

"Maimaita. Kunnena ya tsufa."

"Ruwan ɗumi."

"Ikon Allah. Da na yi shekara arba'in ina yi, jahilci ne. Yau mai farar riga ya faɗa, ya zama ilimi. Komai nisan jifa dai."

"Naki dafa mutum yake yi, nawa lallaɓa shi yake. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Uwarka ma ni na dafa ta, ga ka nan ka fito da baki har kunne."

Garzali ya zagaya bayan ɗaki ya ɗago tukunyar, ya kori ƙadangaren da ya mai da ita gida, ya hura wuta.

"Kashe wutar nan, ɗan nema! Duk unguwa ta san tukunyar nan. Suna ganin hayaƙinta za su zo barka."

"Sai ki karɓa."

"Sai in ce kai ne uban, ragon suna a wuyanka."

"In dai jaririn zai yi kama da ni, na yarda. In kamarki ne, ko zakara ba zan yanka ba."

Ya kai bahon makewayi, ya juye ruwa, ya sirka. Hansai ta dogara sandarta ta biyo shi, wai ta zo ganin ɓarna. Ta tsoma gwiwar hannu kamar yadda ta saba.

"Wannan ai ruwan jiƙa gero ne."

"Shiga dai."

"Ba zan shiga ba. Ni agwagwa ce?"

"To, ki ci gaba da salla a kujera kamar mai jiran mota."

Wannan ta same ta. Har shi ma ya fara nadamar faɗar haka. Can ta ce, "Fita ka juya baya, marar kunya."

Ya zauna a bayan zana yana duba agogo.

"Kin shiga?"

"Na shiga. Ban ji komai ba."

"Minti goma. Yanzu fa?"

"Yunwa nake ji."

"Gwiwar nake tambaya."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka bar ni da gwiwata."

Gaskiyar magana, wani abu da ya ɗaure tun damina yana kwancewa a hankali, kamar ƙullin zani. Ta miƙe ƙafar dama, ta lanƙwasa ta, ta sake miƙewa. Ta dubi zana don ta tabbatar babu mai leƙe, ta gwada ta hagu.

"Minti ashirin ya cika. Fito."

"Agogonka na sauri."

"Ba ke kika ce ba ki ji komai ba?"

"Shi ya sa nake jira in ji. Akwai saura a tukunya?"

"Ashe agwagwa ta sami rafi."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, ta mai da ita tari.

Ana kiran La'asar ta fito, ta sake zani, ta yi alwala. Ta kwance bakin gyalenta ta jefa masa ɓarin goro.

"Ungo, ladan hura wuta. Ba na magani ba."

Ta tsaya a kan tabarmarta, ta daɗe tana kallon kujerar da ke kai.

"Garzali, ɗauke min wannan."

Ya ɗauka ya nufi ɗaki da ita.

"Kai! Ajiye ta nan kusa, inda hannuna zai kai. Ban gama yarda da kai ba."